Na jera tebur, na goge layi, sai wani layin daban ya tafi: ina matsalar take?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina rubuta wata manhajar kwamfuta da Python da Qt don adana bayanan ma'aikata. Akwai tebur mai layi kusan 20,000 da ginshiƙi shida: lamba, suna, sashe, ranar fara aiki da sauransu. Na sa in an latsa kan ginshiƙi ya jeru, na kuma sa akwatin nema a sama. Abu uku ne suka dame ni. In na jera ko na tace, sannan na zaɓi layi na ce a goge, sai wani layin daban ya goge. Lambobi kuma suna jeruwa 1, 10, 100, 2. Sannan duk harafin da na buga a akwatin nema sai manhajar ta ɗan cije kafin ta saki. Shin in sake zubi ne daga farko?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba sai ka sake zubi ba, amma akwai gini guda da za ka warware. In na fahimce ka, kana so mai amfani ya riƙa juya tebur yadda ya ga dama, ya ɓoye abin da ba ya so, ba tare da manhajar ta rikice a kan wane ne wane ba, kuma ba tare da ta tsaya numfashi ba. Matsalolinka uku kamar ba su da dangi da juna, alhali biyun farko uwa ɗaya ta haife su: manhajarka ta ɗauki abin da ke kan allo a matsayin bayanan kansu. Lambar layin da ido ke gani ta zama shaidar mutum, rubutun da ke cikin gurbi ya zama ƙimar lamba. Ta ukun ita ce ta ɗan bambanta, kodayake ita ma maganinta yana sauƙi da zarar an raba bayanai da nuninsu.

Layin da ka gani ba shi ne layin da ke ajiye ba

Ban ga abin da ka rubuta ba, amma yadda ka siffanta abin ya isa a gane. Kana da jerin bayanai a Python, ka zuba su cikin tebur, lokacin gogewa kuma sai ka tambayi tebur lambar layin da aka zaɓa, ya ce maka 3, ka je jerinka na asali ka cire na 3. Kafin a jera, wannan yana aiki, domin na 3 a allo shi ne na 3 a jeri. Da zarar an latsa kan ginshiƙin suna, tebur ya sake wa layukansa zama, jerinka na asali kuwa yana nan yadda yake, bai san an yi komai ba. Kamar mutanen da ke tsaye a layi ne: "na uku" ba sunan kowa ba ne, in aka ce a sake tsayuwa bisa tsawo sai ka tarar wani ne ya zama na uku. Tacewa ta fi ma muni, don layi na 3 a cikin sakamakon nema yana iya zama na 11,000 a asali.

Maganin shi ne a raba bayanai da nuninsu, kuma wannan rabuwar tsohuwar dabara ce. Trygve Reenskaug ya tsara ta a cibiyar bincike ta Xerox PARC wajen 1978 zuwa 1979, a zamanin harshen kwamfuta na Smalltalk: bayanai su zauna a gefe guda, abin da ke nuna su a wani gefen. Qt, wato kayan aikin da kake gina fuskar manhajarka da shi, ya shigo da nasa salon a Qt 4 a 2005. Abin da ake yi a yau hawa uku ne. A ƙasa akwai ma'ajin bayanai, wanda ke riƙe da layuka a tsarin da suka shigo, ba ya motsi don an latsa wani abu a allo. A sama akwai tebur, wanda aikinsa zane kawai. A tsakiya kuma akwai ɗan tsakani, wanda ba ya riƙe da kwafin bayanai ko ɗaya, sai dai jerin lambobi da ke cewa layin farko na allo shi ne na kaza a ma'aji, na biyu shi ne na kaza. Jerawa ita ce sake tsara waɗannan lambobin. Tacewa ita ce rage su. Bayanan ba a taɓa su ba.

A Qt sunan wannan ɗan tsakani QSortFilterProxyModel. Ka rubuta ma'ajinka bisa QAbstractTableModel, ka miƙa shi ga ɗan tsakanin, ka miƙa ɗan tsakanin ga QTableView. Duk lokacin da tebur ya ba ka wurin da aka zaɓa, ka bi da shi ta mapToSource kafin ka taɓa bayanai. In kuma kai ne kake so ka haskaka wani layi a allo, ka bi ta mapFromSource. Ba Qt kaɗai ke da wannan ba. A Java Swing akwai TableRowSorter tun Java 6, da convertRowIndexToModel wanda mantawa da shi ke haifar da irin cutarka sak. GTK 3 yana da GtkTreeModelSort da GtkTreeModelFilter, GTK 4 kuma da ya fito a ƙarshen 2020 ya kawo GtkSortListModel da GtkFilterListModel. JavaFX yana da FilteredList da SortedList, WPF yana da ICollectionView. Sunaye ne suka bambanta.

In da QTableWidget ka fara, kamar yadda mafi yawan masu koyo suke yi, ka san cewa shi ya haɗa ma'aji da tebur a jiki ɗaya, shi ya sa jerinka na Python ya zama kwafi na biyu da ba wanda ke kula da shi. Yana da wani tarko kuma: in jerawa tana kunne lokacin da kake zuba bayanai, da ka cika gurbin ginshiƙin da ake jerawa da shi sai layin ya yi tsalle zuwa sabon wurinsa, sauran guraben da za ka cika su faɗa layin wani. Ana kashe setSortingEnabled kafin zubawa, a kunna bayan an gama. Ga tebur mai layi ɗari wannan ya wadatar. Ga naka mai 20,000 ni dai QTableView zan ce ka koma.

Duk da haka ban yarda a tsaya a mapToSource ba. A aikina, dokar da nake bi ita ce kowane layi ya kasance da lambar shaida tasa wadda ba ta canzawa, irin wadda rumbun bayanai ke bayarwa, kuma gogewa da gyarawa su bi ta wannan lambar. Dalili shi ne tsakanin lokacin da mutum ya zaɓi layi da lokacin da ya amsa "eh, a goge", wani abu yana iya shigowa ya sauya tsarin ma'ajin ma kansa. Lambar layi ta tsufa, lambar shaida ba ta tsufa. Sannan akwatin tabbatarwa ya faɗi sunan wanda za a goge, kada ya tsaya ga "ka tabbata?". In layuka da yawa aka zaɓa, ka tattara lambobin shaidarsu gaba ɗaya tukuna. In kuwa dole da lambar layi za ka goge, ka faro daga mafi girma zuwa ƙarami, don cire na 5 yana mai da na 9 ya koma na 8.

Me ya sa 10 ke gaban 2

Domin a wurin manhajarka ba lambobi ba ne, rubutu ne. Rubutu harafi-harafi ake gwada shi daga hagu: "10" da "2", an duba 1 da 2, an ga 1 ne ƙarami, an gama magana. Maganin shi ne kowane gurbi ya zama da fuska biyu, wadda ake nunawa da wadda ake jerawa da ita. A Qt, aikin ma'ajinka mai suna data() yana karɓar abin da ake nema: in Qt.DisplayRole ne ka ba da rubutun da aka gyara don ido, in Qt.UserRole ne ka ba da ainihin lambar. Sai ka gaya wa ɗan tsakani, ta setSortRole, ya riƙa jerawa da ta biyun.

Ginshiƙin ranar fara aiki ma yana da wannan cutar, ko da ba ka lura ba tukuna. In kana nuna 05/11/2019 da 20/02/2021 da 01/12/2023, jerin rubutu zai bi rana ne, ya sa 01/12/2023 a farko. Ka ajiye kwanan wata a matsayin kwanan wata, ko a rubuce bisa tsarin ISO 8601, wato shekara, wata, rana, kamar 2019-11-05, wanda shi ko a matsayin rubutu daidai yake jeruwa. Haka girman fayil da ake nunawa da KB da MB, haka kaso cikin ɗari, haka duk lambar da aka sa wa waƙafi a tsakiya. Ginshiƙin da ke da daraja a ma'ana, irin "ƙasa, matsakaici, sama", shi ma lamba zai samu a ɓoye, in ba haka ba haruffa ne za su yanke hukunci.

Sai rubutun da ya gauraya da lamba, irin "Ofis 2" da "Ofis 10". A nan ana yanka rubutun gida-gida, a gwada gidajen lamba a matsayin lamba. Windows yana jera sunayen fayiloli haka tun Windows XP, shi ya sa mutane suka saba, suke kuma ganin rashinsa a matsayin kuskure. A Qt, QCollator yana da setNumericMode don wannan.

Guraben da ba komai a ciki kuma sai ka yanke musu shawara da kanka, domin ko rumbunan bayanai ba su yi ittifaƙi ba: SQLite yana sa NULL, wato gurbin da ba ƙima a ciki, a farko in ana hawa, PostgreSQL yana sa shi a ƙarshe. Ni na fi son su zauna a ƙasa ko ana hawa ko ana sauka, don wanda ya latsa kan ginshiƙi yana neman mafi girma ne ko mafi ƙanƙanta, ba shafi biyu na fanko ba.

Sunaye, inda aka fi yin sakaci

Ba ka tambayi wannan ba, amma tunda kana da ginshiƙin suna za ka ci karo da shi. Gwajin rubutu na kai tsaye lambar da Unicode, wato tsarin da kwamfuta ke ba haruffa lamba da shi, ya ba kowane harafi yake dubawa. Babban A lambarsa 65, babban Z 90, ƙaramin a kuma 97, don haka duk sunan da aka fara da babban harafi yana gaban duk wanda aka fara da ƙarami, Zainab ta riga aminu. Haruffa masu lanƙwasa kuwa can nesa suke: ƙaramin z yana 122, ƙ yana 409, ɓ yana 595, ɗ yana 599. Sakamakon shi ne Ɗanladi da Ƙasimu su koma can ƙasan tebur bayan Zubairu, mai nema ya duba wajen D da K bai gan su ba, ya ɗauka ba a shigar da su ba.

Kowane harshe da nasa tsarin. A harshen Suwidin å da ä da ö bayan z suke zuwa, a ƙamusun Jamusanci kuma ä tare da a ake lissafa shi. Saboda haka ba za ka iya rubuta doka ɗaya ta kowa ba, kuma bai kamata ka zauna rubuta taka ba. Unicode yana da ƙa'idar jera rubutu, da rumbun CLDR mai ɗauke da gyare-gyaren harsuna, cikinsu har da Hausa, inda ɓ ke bin b, ɗ ke bin d, ƙ ke bin k. Laburaren ICU shi ne ke aiwatar da waɗannan, kuma a Python ana samunsa ta PyICU. QCollator da setSortLocaleAware su ma suna yi, sai dai abin da suke bayarwa ya dogara ga yadda aka harhaɗa Qt da kuma tsarin da kwamfutar ke gudana a kai, don haka ka gwada a kan irin injin da za a yi aiki da shi, ba naka kawai ba.

A wajen nema abin juyawa yake yi. Jerawa tana so a bambance k da ƙ, nema kuwa yana so a yi musu sassauci, domin mai bugawa sau da yawa ba shi da ƙ a madannansa, kuma wanda ya shigar da sunan tun farko wataƙila Kasimu ya rubuta. Dabarar da aka saba da ita ta cire lafazi, wato a warware é ya zama e da alama sannan a jefar da alamar, ba ta aiki a nan, don Unicode bai ɗauki ƙ a matsayin k mai alama ba, harafi ne mai cin gashin kansa. Sai ka yi ɗan jadawalinka: ɓ zuwa b, ɗ zuwa d, ƙ zuwa k, ƴ zuwa y. Ka haɗa da alamar hamza, wadda a suna irin Sa'adatu tana iya zuwa da siffa uku daban-daban a Unicode gwargwadon inda aka buga ta, duk ido ɗaya yake ganinsu. Don daidaita manya da ƙananan haruffa kuma casefold ya fi lower a Python. Wannan sassautaccen rubutun na nema ne kawai, a ajiye shi a gefe. Sunan da ake nunawa ya zauna yadda mai shi ke rubuta shi.

Kunnen doki

Idan ka jera bisa sashe, mutum ɗari biyu suna sashe guda, wa zai zo gaban wa? In hanyar jerawar irin wadda ke barin masu kunnen doki a yadda ta same su ce, za su riƙe tsarinsu na baya. sort na Python haka yake. Timsort, tsarin jerawar da Tim Peters ya rubuta wa Python a 2002, an gina shi da wannan sharaɗi, Java 7 ma ta ɗauke shi. std::sort na C++ kuwa bai yi wannan alkawari ba, sai std::stable_sort. Amfanin abin a aikace shi ne jerawa da ginshiƙi biyu: ka jera da suna tukuna, sannan da sashe, sai ka sami sassa a jere kuma sunaye a jere cikin kowane sashe. A Python ya fi sauƙi ka ba da mabuɗi mai hawa-hawa, sashe, suna, sannan lambar shaida a ƙarshe. Wannan ta ƙarshen ita ke sa tebur ya fito iri ɗaya kullum, layuka su daina musayar wuri duk lokacin da aka sabunta.

In ka rubuta naka lessThan, wato aikin da ɗan tsakani ke tambaya wanne ke gaba cikin ƙima biyu, ka kula ya tsaya a kan magana ɗaya. In ya ce A yana gaban B, kada ya kuma ce B yana gaban A, kuma abu ba ya gaban kansa. Amfani da "ƙasa da ko daidai da" a wurin "ƙasa da" ya karya wannan. Java tana iya jefo kuskure ta ce mai gwadawa ya saɓa yarjejeniyarsa. C++ ba ya faɗa maka komai, sai dai wata rana manhaja ta rufe kanta.

Cijewar

Yi lissafi. Layi 20,000 sau ginshiƙi shida gurbi 120,000 ke nan da za a iya dubawa a kowane harafi da aka buga. Jerawa kuma tana cin gwaji kusan adadin layuka sau 14 a wannan girman, wato wajen 280,000, kowane gwaji yana ɗauko ƙima biyu. Ga C++ zalla wannan ba komai ba ne. Matsalar ita ce ɗan tsakanin Qt da C++ aka rubuta shi, ma'ajinka kuma da Python, don haka duk ɗauko ƙima guda tsallake iyaka ne tsakanin harsunan biyu, kuma tsallaken ya fi ainihin gwajin tsada. Duk wannan yana faruwa a zaren aikin (thread, wato hanyar da manhaja ke bin ayyukanta ɗaya bayan ɗaya) da ke zana allo da karɓar madannai. Allon da ke sabuntawa sau 60 a daƙiƙa yana ba ka wajen milisakan 16 ne kawai a kowane zane, kuma tsohon ma'aunin da Jakob Nielsen ya yaɗa yana nan: abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba mutum yana jinsa nan take, abin da ya haura daƙiƙa guda yana katse masa tunani.

Gyaran farko shi ne mafi arha: kada ka tace a kowane harafi. Ka sa QTimer, wato agogon Qt, mai bugawa sau ɗaya, na milisakan 200 zuwa 300, wanda kowane harafi ke mayar da shi farko. Mai buga suna mai harafi bakwai da sauri zai jawo tacewa ɗaya maimakon bakwai. Sau da yawa wannan kaɗai yana kashe ƙorafin.

Na biyu, ka shirya abin nema tun lokacin ɗora bayanai. Kowane layi ya sami rubutu guda da ya haɗa guraben da ake nema a ciki, an riga an sassauta shi kamar yadda na faɗa a sama. Tacewa sai ta koma tambaya ɗaya a kowane layi, wadda Python ke amsawa a kan layi 20,000 cikin ƙiftawar ido. Haka mabuɗan jerawa: a lissafa sau ɗaya ga kowane layi, ba a kowane gwaji ba. A nan ne nakan ajiye QSortFilterProxyModel in manhajar ta Python ce kuma layuka sun yi yawa, in sa ma'ajin ya riƙe jerin lambobin da ake nunawa da kansa, ya jera shi da sorted da mabuɗi, ya sanar da tebur ta layoutAboutToBeChanged da layoutChanged, ko ta beginResetModel da endResetModel in adadin layuka ya canza. Tunanin bai canza ba, ɗan tsakani ne dai, sai dai ya zauna a ɓangaren Python. Farashinsa shi ne kai za ka mayar da zaɓi wurinsa bayan kowane sauyi, kuma lambar shaida ce za ta taimake ka.

Akwai wata ƙaramar dabara: in abin da aka buga yanzu ya ƙunshi na baya, kamar daga "ab" zuwa "abd", sakamakon yana cikin sakamakon baya, ba sai an koma kan duka ba. GTK 4 ya gina wannan a jikinsa, matacinsa yana iya cewa ya ƙara tsanani ne ko ya sassauta. A girman teburinka ba lallai ka buƙace ta ba.

Ka kuma duba ko ka sa ginshiƙai ko layuka su riƙa daidaita girmansu da abin da ke ciki ta ResizeToContents. Wannan yana sa tebur ya auna rubutun gurabe masu yawa bayan kowane sauyi, kuma na sha ganin manhajar da ake zargin tacewarta alhali aunawar ce ke cin lokacin. Kafin ka gyara komai, ka auna da cProfile ka ga inda daƙiƙun suke tafiya. Kai aikin zuwa wani zare na daban shi ne na ƙarshe a jerina, don yana kawo nasa rigingimun: ba a taɓa tebur daga wancan zaren, kuma sakamakon tsohon nema yana iya isowa bayan na sabo, sai an ba kowane nema lamba a jefar da wanda ya makara.

Wani abu game da akwatin nema kansa: kada ka miƙa abin da mutum ya buga kai tsaye a matsayin regex, wato salon nema da wasu alamomi ke da ma'ana ta musamman a cikinsa. Ranar da ya buga baka buɗe ko tauraro, tebur zai zama fanko ko ya jefo kuskure. setFilterFixedString yana ɗaukar rubutu yadda yake, setFilterKeyColumn da -1 kuma yana sa a duba duk ginshiƙai. In an buga kalma biyu, na fi son a raba su a nemi layin da ke ɗauke da duka biyun ko da ba a jere suke ba, domin haka mutane ke nema: ɓangaren suna da ɓangaren sashe.

Abin da mai amfani ya kamata ya gani

Tebur da aka tace dole ya faɗi cewa an tace shi. Ɗan rubutu a ƙasa, "37 cikin 20,000", da maɓallin share nema, suna hana kiran gaggawa na cewa bayanai sun ɓace. In ba a sami komai ba, a rubuta hakan a tsakiyar tebur. Kibiyar kan ginshiƙi ta nuna inda aka jera da kuma ko hawa ne ko sauka, kuma a bar hanyar komawa tsarin asali. A Qt kiran sort da -1 yana yin haka, daga Qt 6.1 kuma setSortIndicatorClearable yana sa latsawa ta uku ta cire jerin.

Tambayoyi biyu ne suka fi wuya, kuma ba laburaren da zai amsa maka su. Ta farko: in an tace sannan aka ce zaɓi duka, aka ce goge, duka na nufin 37 ɗin da ake gani ne ko har da na ɓoye? Ni a wurina abin da ido bai gani ba kada a taɓa shi, kuma layin da aka zaɓa sannan tacewa ta ɓoye shi ya fita daga zaɓi. Fitar da bayanai zuwa fayil ma haka, sai dai a can yana da kyau a tambaya. Ta biyu: mutum ya tace sashe guda, ya gyara sashen wani ma'aikaci, layin ya ɓace nan take daga gabansa don bai cika sharaɗi ba kuma. Bisa ƙa'ida daidai ne, amma yana firgita mutane. setDynamicSortFilter ne ke juya wannan a Qt. In teburin na kallo ne, a bar shi kunne. In na gyara ne a cikin gurbi, nakan kashe shi, layin ya zauna har sai an sake nema.

Duk abin da na faɗa ya ginu a kan cewa bayanan gaba ɗaya suna cikin memorin manhajar, wanda ga layi 20,000 daidai ne. In suka kai ɗaruruwan dubbai, ko mutane da yawa suna gyara su lokaci guda daga kwamfutoci daban-daban, jerawa da tacewa sai su koma hannun rumbun bayanai, da ORDER BY da WHERE da fihirisa a kan ginshiƙan da ake yawan jerawa da su, tebur kuma ya riƙa ɗaukowa kaɗan-kaɗan ta canFetchMore da fetchMore. A wannan halin ɗan tsakani yana iya yaudararka, domin abin da aka riga aka ɗauko kawai yake jerawa, sai ya nuna maka "mafi girma" alhali na gaskiyar bai iso ba. LIKE, umarnin neman rubutu a SQL (harshen tambayar rumbun bayanai), in yana da alamar kaso a gaba da baya ba ya cin moriyar fihirisa ta yau da kullum, sai an koma ga neman rubutu irin FTS5 na SQLite. Abin da aka buga a akwatin nema ya shiga tambayar SQL a matsayin ƙima da aka ɗaure, ba a manna shi cikin rubutu ba. Sunan ginshiƙin jerawa kuwa ba ya ɗauruwa haka, don haka a ɗauko shi daga jerin sunayen da kai ka rubuta da hannunka. Tsarin haruffa ma sai ka sake dubawa a can, don SQLite in ba a gaya masa komai ba da lambobin haruffa yake jerawa, Ƙasimu ya sake komawa bayan Zubairu.